Takarda da Littafi: Tarihin Shaidar Hannun Jari daga Amstardam zuwa Legas

A ranar 20 ga Maris, 1602, majalisar ƙasar Holan ta haɗe wasu ƙananan kamfanonin fatauci da ke sayo kayan ƙamshi daga tsibiran da a yau ake kira Indunusiya, ta mai da su kamfani guda, wanda aka fi sani da VOC. Asara ce ta jawo haɗewar. Fatake sun yi yawa, suna tayar wa juna farashin masoro da kanumfari a can inda ake saye, su dawo gida kuma su karya shi a inda ake sayarwa. Kafin lokacin, kuɗin tafiya ɗaya ake tarawa. Jirgi ya dawo, a sayar da kaya, a raba uwa da riba, kowa ya kama gabansa. Sabon kamfanin da aka ba izinin shekara 21 ya zo da wani sharaɗi dabam: kuɗin da ka zuba zai zauna shekara goma kafin a yi lissafi, kuma duk mazaunin ƙasar yana da damar sa nasa, komai ƙanƙantarsa.

A watan Agusta na shekarar aka buɗe littafin masu zuba jari na reshen Amstardam a gidan wani attajiri, Dirck van Os. Mutum 1,143 suka rubuta sunayensu a wannan reshe kaɗai. A cikinsu akwai Isaac le Maire da ya sa gilda 85,000, akwai kuma mai aikin gidan van Os ɗin kansa, Neeltgen Cornelis, wadda ta sa gilda 100. Da aka haɗa na rassan nan shida, wato Amstardam, Midilbag, Delft, Rotadam, Hoorn da Enkhuizen, jarin ya kai gilda miliyan 6.4 da 'yan kai.

Abin da ya kamata a lura da shi tun daga nan shi ne, ba wanda ya koma gida da wata takarda da za a ce ita ce dukiyarsa. Dukiyar tana cikin littafin kamfani. Wanda ya gama biyan abin da ya yi alkawari ana ba shi rasit, shi ke nan. Mafi tsufan irin wannan rasit da aka sani an rubuta shi ne ranar 9 ga Satumba, 1606, a reshen Enkhuizen, da sunan Pieter Harmensz, a kan gilda 150. Wani ɗalibi ne ya ci karo da shi a rumbun ajiye takardun tarihi na garin Hoorn a 2010, jaridu suka yi ta shelar an gano takardar hannun jari mafi tsufa a duniya. Amma da Harmensz zai so sayar da rabonsa, miƙa wannan takarda ga mai saye ba zai wadatar ba. Sai an je ofishin kamfani, akawu ya buɗe littafi ya rage daga shafin wannan ya ƙara a shafin wancan, daraktoci biyu su sa hannu. Daga ranar ne mai saye ya zama mai hannun jari, shi za a kira idan an tashi rabon riba.

Ribar kuwa ta yi nawa. Shekara takwas masu jari suna jira, sai a 1610 aka yi rabon farko, shi ma ba da kuɗi ba, da jan ɓawon gyaɗar ƙamshi da ya taru a rumbunan kamfani. Waɗanda suka karɓa suka nufi kasuwa a lokaci ɗaya, farashi ya faɗi. Da shekara goman da aka yi alkawari ta cika a 1612, daraktoci suka ƙi yin lissafin, gwamnati kuma ta goya musu baya, saboda kuɗin ya riga ya zama jiragen ruwa da ganuwa da bindigogi a wata uwa duniya. Tun farko dai, wanda ke son kuɗinsa sai ya nemi wanda zai sayi rabonsa. Haka kasuwar hannun jari ta kafu, a kan wata gada a Amstardam da farko, sannan a cikin coci idan ana sanyi, kafin a gina mata mazauni a 1611.

Le Maire, wanda ya fi kowa jari a reshen Amstardam, shi ya fara koya wa kasuwar mugun wasa. Bayan ya ɓata da daraktoci ya bar kujerarsa a 1605, sai ya tara wasu abokai a 1609 suka riƙa sayar da hannun jarin da ba su mallaka ba, da alkawarin miƙawa nan gaba, suna baza jita-jitar nutsewar jirage don farashi ya sauka su saya da araha. A 1610 hukuma ta haramta sayar da abin da babu shi a shafinka na littafi. Ƙorafin da ya rubuta wa gwamnati, cewa daraktoci suna juya kuɗin mutane ba tare da bayani ba, yana da ƙamshin gaskiya. Sai dai shi ma ba don Allah ya yi ba. Kuma kada daɗin labarin kasuwa ya rufe asalin ribar: a 1621 sojojin wannan kamfani, ƙarƙashin Jan Pieterszoon Coen, suka kusan shafe mutanen tsibiran Banda daga doron ƙasa don kamfani ya riƙe cinikin gyaɗar ƙamshi shi kaɗai.

Ingila ce ta yi wa lamarin doka irin wadda muka gada. Bayan rugujewar hannun jarin kamfanin South Sea a 1720, sama da shekara ɗari ana ɗari-ɗari da kafa kamfanin tarayya ba tare da izinin sarki ko majalisa ba. Sai a 1844 aka yarda a kafa kamfani ta hanyar yin rajista kawai. A 1855 aka ƙara abin da ya fi komai muhimmanci ga ƙaramin mai jari, wato iyakance alhaki: idan kamfani ya karye, abin da ka zuba ne kawai zai tafi, masu bin bashi ba za su biyo ka gida ba. Wanda bai ga girman wannan ba ya dubi abin da ya sami masu jarin bankin City of Glasgow, wanda ya rushe a 1878 ba tare da wannan kariya ba. A kan kowane jarin fam 100 sai da aka nemi mai shi ya biya fam 2,750. Mafi yawansu sun tsiyace, har da zawarawa da limaman coci da suka sayi jarin don su ci ribarsa a tsufa.

Shari'ar Salomon ta 1897 ta ƙarasa ginin. Aron Salomon mai sana'ar takalma ne a Landan, ya mai da shagonsa kamfani mai hannun jari 20,007, ya riƙe 20,001, matarsa da 'ya'yansa biyar kowa ɗaya. Da kamfanin ya karye, masu bin bashi suka ce ai shi ne kamfanin, kamfanin ne shi. Kotun ƙoli ta lokacin ta ce a'a: kamfani mutum ne a idon doka, yana da dukiyarsa da bashinsa dabam da na masu shi. Har gobe da wannan hukunci ake fara koyar da dokar kamfani a jami'o'in Najeriya. Ma'anarsa ga mai hannun jari ita ce, ba shi da ko bulo ɗaya a ginin masana'anta. Abin da ya mallaka haƙƙoƙi ne: ya jefa ƙuri'a a babban taron shekara, ya karɓi rabonsa idan an ayyana riba, ya sami abin da ya saura idan an rushe kamfani bayan an sallami masu bin bashi.

Ƙasarmu ta fara haɗuwa da hannun jari ne ta ɓangaren da ba daɗi. Royal Niger Company ta George Goldie, wadda ta sami izinin mulki a 1886, kamfani ne na masu jari a Landan. Da gwamnatin Ingila ta karɓe yankunan da kamfanin yake iƙirarin mallaka, har Lugard ya ɗaga tuta a Lakwaja ranar 1 ga Janairu, 1900, an biya kamfanin diyyar fam 865,000, aka kuma yi masa alkawarin rabin harajin ma'adinai na wani babban yanki na Arewa har shekara 99. Kuzar Jos ta shiga ciki. Wato tun kafin a ci Kano da Sakkwato da yaƙi a 1903, an riga an yi lissafin abin da ke ƙarƙashin ƙasar a littafin wasu mutane da ba su taɓa taka ta ba.

Kasuwarmu ta kanmu ta zo ne da 'yancin kai. An yi wa Kasuwar Hannun Jari ta Legas rajista ranar 15 ga Satumba, 1960, cikin waɗanda suka sa hannu akwai Sa Odumegwu Ojukwu da Akintola Williams da Alhaji Shehu Bukar. Ta fara ciniki a 1961 da takardu 19. Shekara goma ta yi tana rarrafe, don kamfanonin Turawa ba su ga dalilin sayar wa 'yan ƙasa jarinsu ba.

Dokar soja ce ta tilasta su. A 1972 gwamnatin Janar Gowon ta keɓe wasu sana'o'i ga 'yan Najeriya zalla, ta kuma ce a wasu manyan harkokin dole 'yan ƙasa su riƙe kashi 40 cikin ɗari. A 1977 gwamnatin Obasanjo ta tsananta, ta kasa kamfanoni gida uku: na 'yan ƙasa gaba ɗaya, na kashi 60, da na kashi 40. Nan ne malamin makaranta da akawun En'e da ɗan kasuwar Kantin Kwari suka fara ganin fom ɗin sayen hannun jarin UAC da John Holt da su Nigerian Tobacco a kantar banki. Rabon bai yi daidai ba, kowa ya sani. Masu kusa da Legas, da masu samun rancen banki, su suka kwashi kaso mai tsoka. A Arewa, kamfanin NNDC na Kaduna da kamfanonin zuba jari na jihohi ne suka sayi da yawa da sunan jama'a, domin mutane ɗaiɗaiku sun ja baya, wasu don rashin sani, wasu don shakkar halaccin sa kuɗi a kamfanin da ke mu'amala da kuɗin ruwa ko ke sayar da giya. A 1977 aka sauya wa kasuwar suna ta zama ta Najeriya baki ɗaya, aka buɗe reshen Kaduna a 1978, na Fatakwal a 1980, na Kano a 1989. Zagaye na biyu ya zo da sayar da kamfanonin gwamnati da aka fara a 1988 a ƙarƙashin kwamitin Dokta Hamza Zayyad, wanda ya yi ƙoƙarin ganin an raba jarin ga 'yan kowace jiha. Ta wannan ƙofa takardun National Oil da African Petroleum da simintin Ashaka suka shiga gidaje da dama a Arewa.

Ita takardar abar sha'awa ce. Mai kauri, da zanen ado a gefe irin na takardar kuɗi, da sunan kamfani a sama, sai lambar takarda, sunan mai ita da adireshinsa, adadin hannun jarin da haruffa da alƙaluma, da ƙimar asali ta kowane ɗaya, galibi kwabo 50. A ƙasa ga hatimin kamfani mai tudu da ake ji da yatsa, ga sa hannun darakta da na sakatare. Wannan kwabo 50 ɗin ya rikita mutane da yawa. Ba shi ne farashi ba. Mutum zai iya sayen hannu ɗaya a kan naira goma, ya faɗi zuwa naira biyu ko ya hau talatin, takarda na nan tana cewa kwabo 50. A wancan zamani, bayan ta farko wasu kan biyo baya ta gidan waya: ta kyauta, idan kamfani ya mai da wani ɓangare na ribar da ya tara zuwa sabon jari ya ce duk mai huɗu a ƙara masa ɗaya, da ta tayin ƙari, idan kamfani na neman sabon kuɗi ya fara yi wa masu jarinsa tayi a farashi mai sauƙi. Sai takardar riba, mai kama da cak, wadda an riga an cire mata harajin kashi 10 cikin ɗari, kuma idan ta wuce wata shida ba a kai banki ba sai an mayar an sabunta.

Mutane suka ɗauki takardar da daraja irin ta takardar fili, aka sa a leda aka kulle a akwati ko ƙarƙashin katifa. Doka kuwa matsayin da ta ba ta bai kai nan ba. Dokar kamfanoni ta ce takardar hujja ce ta farko, wadda ake karɓa muddin ba a kawo abin da ya rushe ta ba. Asalin mallaka yana cikin rajistar masu jari, wadda wani kamfani na musamman, mai riƙe da rajista, ke kula da ita a madadin kamfanin da ya sayar da jarin. Wanda ya tsinci takardar wani bai tsinci komai ba, wanda tasa ta ƙone bai yi asarar jarinsa ba, rantsuwar kotu da takardar ɗaukar alhaki zai kawo a ba shi wata. Akwai ƙasashen da suka daɗe suna amfani da takardar da ba suna a kanta, duk wanda ke riƙe da ita shi ne mai ita, amma ɓarayi da masu ɓoye dukiya sun fi kowa son ta. Ingila ta soke ta a 2015, dokar Najeriya ma ta haramta ta.

A zamanin takarda, wahalar tana fitowa ne ranar sayarwa. Ka kai wa dillali, ka cika fom ɗin sauya mallaka, a aika wa mai rajista a Legas ya gwada sa hannunka da wanda ka yi shekara ashirin da suka wuce. Dattijon da ya sa hannu da ajami a 1976, yanzu kuma hannu na rawa, sai a dawo masa da ita. Dillali ya ce, "Baba, sun ce sa hannun bai yi daidai ba, sai an je banki sun tabbatar." Wata uku, wata shida, farashin da ya sa shi sha'awar sayarwa ya riga ya wuce. Ba mu kaɗai muka sha wannan ba. A 1968 takardu sun yi wa dillalan New York yawa har kasuwar ta riƙa rufewa duk ranar Laraba don akawuna su rage aiki, abin da ya kai ga kafa rumbun ajiya guda a 1973. Faransa ta daina amfani da takarda a 1984. Namu rumbun, CSCS, ya fara aiki a watan Afrilun 1997, daga nan wanda ya saya ta hannun dillali lambar asusu ake ba shi, ba takarda ba.

Sai dai guguwar da ta fi kowace girma ta zo ne alhali sabon jari da ake tallatawa da takarda ake bayar da shi. A watan Yulin 2004 gwamnan Babban Banki, Charles Soludo, ya ce kowane banki ya kai jarinsa naira biliyan 25 daga biliyan 2 kafin ƙarshen 2005. Bankuna 89 suka koma 25. Duk suka fito neman kuɗin jama'a, a rediyo, a talabijin, a allunan bakin titi, ma'aikatan banki na bin 'yan kasuwa rumfa-rumfa da fom. Wanda ya saya a naira goma ya ga ta zama talatin cikin shekara, maƙwabcinsa ya sayar da fili ya shiga. Bankuna suka riƙa ba da rance don a sayi jarinsu na kansu, wanda a ganina shi ne babban laifin wancan zamani, kuma masu sa ido suna kallo. Saboda ana rage wa masu neman da yawa a cika wa masu neman kaɗan, wasu suka riƙa cika fom biyar, goma, da sunaye mabambanta: a juya suna da na mahaifi, a sa laƙabi, a sa sunan jariri, a ƙirƙiri wanda babu shi.

Ma'aunin kasuwar ya haura maki 66,000 a farkon Maris na 2008. Zuwa ƙarshen 2009 yana wajen 20,000. Da yawa ba su ma sami damar gudu ba, don takardunsu ba su iso ba, ko suna layin tantancewa a wurin mai rajista, suna ji suna gani farashi na zubewa. A watan Agustan 2009 sabon gwamnan Babban Banki, Sanusi Lamido Sanusi, ya sauke shugabannin bankuna biyar a rana ɗaya. A 2011 aka karɓe lasisin Afribank da Spring Bank da Bank PHB, aka miƙa kadarorinsu ga sababbin bankuna. Masu ajiya ba su rasa ko kwabo ba, masu hannun jari kuwa suka tashi a tutar babu, domin su ne na ƙarshe a layi kamar yadda doka ta tsara tun zamanin Salomon. Iyakance alhaki dai ya yi aikinsa, ba a biyo kowa gida ba, sai wanda ya ci bashi ya saya.

Wasu takardun kuma ba su mutu ba, suna ne ya sauya a kansu. Bank of the North ya narke cikin Unity Bank a 2006. Oceanic ya shiga Ecobank, Intercontinental ya shiga Access. National Oil ta zama Conoil, African Petroleum ta zama Forte Oil, daga baya Ardova. A kowace haɗewa akan sake lissafi, a ce kaza na tsohon ya zama kaza na sabon, kuma a rajista ake yin wannan, takardar da ke akwati ba ta san an yi ba. Magada da yawa sun buɗe akwatin mahaifinsu sun ga sunan kamfanin da ba su taɓa ji ba, suka ɗauka tarkace ne.

Daga nan tulin ribar da ba a karɓa ba ya samo asali. Adireshi ya sauya, akwatin gidan waya ya rufe, mai jari ya rasu bai gaya wa kowa ba. Hukumar kula da kasuwar, SEC, wadda aka kafa a 1979, ta matsa a mai da duk takardu zuwa asusun CSCS, a kuma riƙa tura riba kai tsaye cikin asusun banki ta hanyar haɗa shi da lambar BVN. Duk da haka, a 2023 hukumar ta ce ribar da ke jiran masu ita ta kai wajen naira biliyan 190. Dokar kuɗi ta 2020 ta ba gwamnatin tarayya damar karɓar duk ribar da ta shekara shida ba a nema ba, ta zuba a wani asusun amana a matsayin bashi a kanta, mai ita ya zo ya nema duk ranar da ya tashi. Ƙungiyoyin masu hannun jari sun yi ta kukan cewa kuɗin kamfanoni ne da masu su, ba na gwamnati ba, ba a saurare su ba.

Ga magada, hanyar tana da tsawo. Rabon gado da aka yi a gida ko a gaban alƙali ba ya isa wurin mai rajista, galibi sai an kawo takardar izinin kula da dukiyar mamaci daga babbar kotu, da shaidar rasuwa, da asusun banki da aka buɗe da sunan magada. Idan jarin na naira dubu talatin ne, kuɗin zirga-zirgar ya fi shi, sai a haƙura. Masu sunaye goma na zamanin 2007 sun fi kowa shiga tsaka mai wuya. SEC ta buɗe musu ƙofa su zo su haɗe jarinsu wuri guda ba tare da hukunci ba, aka yi ta ƙara wa'adi, wasu suka je. Waɗanda suka rasu kafin su je sun bar wa 'ya'yansu aikin tabbatar wa mai rajista cewa mutum uku da ke shafuka uku na littafinsa, kowa da irin sa hannunsa, duk mahaifinsu ne.